Ƙwallon da Lado Ya Kwanta a Kai

Duk wanda ya zauna Ƙauran Namoda tun jirgin ƙasa na zuwa ya san Lado Mai-faci, in bai san shi da suna ba ya san shi da yatsa. Ƙaramin yatsansa na hagu a karkace yake, ya juya wa 'yan'uwansa baya tun ranar da ya tare wani bugu a filin reluwe, zamanin da yake tsaron gida. Sunan da aka yi masa baftisma da shi Istifanus ne, amma je ka Sabon Gari ka ce kana neman Istifanus, sai a yi ta kallonka har ka gaji. Ka ce Lado kuwa, ko mai tallan ruwa zai nuna maka gindin dogon yaron da ke bakin tasha.

Ubansa Bamaguje ne da ya bi aikin lebura a layin dogo, a hanya ya shiga addinin Kirista, inda layin ya ƙare shi ma ya sauke kayansa. A bayan tashar jirgi aka haifi Lado. Ba shi da wani yare sai Hausa, ba shi da wani gari sai Ƙaura, in ya buɗe baki ba ka raba shi da mutumin ƙauyen Kurya. Ya yi firamare ta mishan, ya iya boko gwargwado, daga nan ƙwallo ya ɗauke masa hankali. Gola ne irin mai taurin kan nan da ke faɗa wa ƙafafun mutane da fuska. Da jirgi ya fara wasa da zuwa, yau ya zo gobe a ji shiru, ƙungiyar reluwe ta watse, sai ya sayi famfo da gam ya zauna facin tayoyi. Ya auri Rifkatu mai waina, suka samu 'ya'ya mata, ya ajiye ɗan tumbi, ya daina shiga fili sai kallo da surutu. Surutun kam Allah ya hore masa.

Cocinsu ne ya dawo da shi fili. Ba a daɗe da yanke Zamfara daga Sakkwato ba aka kawo musu wani fasto daga kudu mai abokai a Turai, ya zo da dabararsa. Ya ce ƙwallo na tara samari, inda samari suka taru kuwa gari ne ya taru. To a je ƙauye a buga wasa, in an tashi a raba gero lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a raba gidan sauro da maganin tsutsar ciki, in rijiya ta rufta a gyara. Aka ce wa zai riƙe usur? Kowa ya juya ya kalli Lado.

Ya karɓa, amma da sharaɗinsa. Ba ya shiga gari da ƙwallo sai ya fara durƙusawa gaban mai gari, ya biya ya gai da liman. In aka kira la'asar, ko ana dab da cin gida ne, zai busa usur, Musulmi su tafi masallaci, shi ya zauna yana tsaron takalman wasa. Fasto ya so a riƙa buɗe taro da 'yar waƙa da gajeren wa'azi. Lado ya ce, "Fasto, geron kake son su ci, ko ni?" Aka yi dariya, maganar wa'azi ta tsaya a nan, ko da yake fasto ya riƙe abin a ransa. Haka suka yi ta yawo, daga Kasuwar Daji har Shinkafi, har ƙauyukan Zurmi. 'Yan wasansa rabi na Sabon Gari ne, rabi na cikin gari. Kyaftin ɗinsu Rilwanu, ɗan kabu-kabu, mutum mai shiru-shiru da ya sauke Alƙur'ani tun kafin ya san hawan babur.

Sai shari'a ta zo. Musulmin Ƙaura suka yi murna, suka cika motoci zuwa Gusau ranar ƙaddamarwa, har da Rilwanu aka je. Lado bai ga laifin murnarsu ba. Abin da ya tsinka masa zuciya shi ne labarin Kaduna da ya biyo baya, gawarwaki a kan titi, kowane ɓangare yana kukan nasa. Sabon Gari ya fara zubewa, kullum sai ka ga mota an ɗaure katifa a samanta. Rifkatu ta ce su ma su tafi. Ya ce, "Mu tahi ina? Ke kin san wani gida?" Ita ma ai a Ƙaura aka binne cibiyarta. Babu wanda ya taɓa su, gaskiya ke nan. Amma gari ya koma irin wanda kowa ke auna magana kafin ya furta, jita-jita ɗaya kuwa ta isa ta watse kasuwa da rana tsaka.

Cikin daminar wannan shekara kwali ya iso daga abokan fasto. Riguna ne da safa, da ƙwallaye uku sababbi ƙal, a lotse babu iska, kowanne cikin ledarsa. Irin masu adon nan ne, kowane gida na fatar da tutar wata ƙasa. Daɗi ya kama Lado. Ko leda bai buɗe ba ya aika ɗaya Shinkafi wurin Kamalu mai aski, shugaban samarin can, ya aika ɗaya Birnin Tsaba inda za a kai gero ƙarshen wata, ya ajiye na ukun don 'yan Ƙaura. Wannan gaggawar ce kuskurensa, kuma wallahi ko wane ne a matsayinsa haka zai yi.

Bayan kamar mako guda Rilwanu ya biyo da safe a ƙara masa iska a taya. Lado ya ce, "Dakata ka ga abin da Turawa suka aiko muna." Ya yage leda, ya sa famfo. Ƙwallon ya fara buɗewa, tutoci na fitowa daga cikin lanƙwasa, ja, shuɗi, rawaya. Rilwanu ya karɓa yana jujjuyawa yana murmushi. Can sai murmushin ya ɗauke. Ya ce, "Innalillahi," a hankali, ya rungume ƙwallon a ƙirji, ya waiga hagu da dama.

"Mi ne ne?"

"Koci, an taɓa buga wanga?"

"Haba, yanzu a gabanka na buɗe shi."

Rilwanu ya matso ya nuna masa da ido, ko yatsa bai sa ba. Gida ɗaya kore, da farin rubutu, da takobi a ƙarƙashi. Lado ya sha ganin irinsa a bayan motoci da ƙofofin shaguna, bai taɓa tambaya ba, shi a wurinsa rubutun Larabci duk iri ɗaya ne.

"Tutar Saudiyya ce," in ji Rilwanu. "Kalmar shahada ce, Koci. Sunan Allah ne da na Manzo."

A Ƙaura aka haifi Lado, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Tun yana ƙarami yake ganin yadda mutum ke tsintar takarda mai Larabci a ƙasa, ya kaɗe ta, ya soke a jikin katanga don kada a taka. Ya kuma san abin da za a ce: Kiristoci sun rubuta sunan Allah a ƙwallo, sun raba wa 'ya'yan Musulmi su yi ta shuri. Wa zai tsaya ya ji cewa wani ne can a masana'anta ya jera tutoci bai san komai ba? Kafin a gama bayani Sabon Gari ya zama toka, shi kuma ko abin binnewa ba za a samu ba. Tsoro ne tsagwaronsa ya kama shi.

"Nawa ne?"

"Uku."

"Ina sauran?"

Ya faɗa masa. Rilwanu ya rufe ido. A nan ne Lado ya gane cewa ba Shinkafi ce matsalarsa ta farko ba, ga ta nan tsaye a gabansa. Tasha cike take da mutane. Rilwanu ya ɗaga murya sau ɗaya, shi ke nan an gama.

"Ka rantse mani ba ka sani ba."

"Na rantse da Allahn da ya yi ni ya yi ka."

Rilwanu ya dubi tsakiyar idonsa. Sannan ya ce, "Samo buhu mai tsabta. Hau mu tahi."

Suka biya ta wurin Rifkatu tana kan tanda. Ya duƙa ya faɗa mata a kunne, cokalin da take juya waina ya suɓuce mata. Ta ce a gaya wa fasto. Ya ce, "Fasto ya kira kwamiti, kwamiti su gaya wa matansu, kahin azahar duk Ƙaura ta ji. Ke dai maido da ɗiyan nan gida ki kulle ƙohwa." Ta ce, "Baban Hannatu, in ka iske sun riga sun gani hwa?" Sai ya ɗauki tsofaffin ƙwallayensu biyu masu faci don musanya, ya haye bayan Rilwanu.

Hanyar Shinkafi duk ta farfashe da ruwan sama. Gero ya yi tsawo hagu da dama bai kai ga nuna ba, lokacin ne da gona ke da kyau tukunya ba ta da komai. Rilwanu ya hana a ɗaure buhun a kujera, ya hana a rataye shi kusa da ƙafa, don haka a ƙirji Lado ya rungume shi tun daga Ƙaura har hannuwansa suka sage.

Suna shiga shagon Kamalu ya hango shi. An sa shi cikin raga an rataye a silin, saman madubi, yana ɗan juyawa duk lokacin da iska ta shigo. Benci cike da masu jiran layi, rediyo na ta magana. A kan kujera kuwa wani dattijo ne ake gyara wa gemu, ya kwantar da kai baya, idonsa a sama, daidai inda ƙwallon ke lilo. Koren gidan yana kallon bango, amma yana zagayowa a hankali.

"Koci! Maraba, maraba," in ji Kamalu. "Ka ga mutuminka? Na ce wanga ya fi ƙarhin laka, sai ranar babban wasa."

"Ai shi ya kawo ni," in ji Lado. "Yana sace iska. Duk haka suke, za a maida su."

"Wace iska? Tun da na hura shi ko motsi bai yi ba."

"Ga wani na kawo maka."

Kamalu ya dubi tsohon ƙwallon da aka miƙo masa, faci a kan faci, ya dubi Lado, ya yi dariya don ya ɗauka wasa ne. Wata iska ta kaɗo labule. Lado ya ga bakin koren ya leƙo. Bai san lokacin da ya taka benci tsakanin mutane biyu ba, da takalminsa, ya miƙa ya fizgo ragar da igiyarta, ya cusa a buhu.

Kamalu ya sauke reza.

"Haba Koci. A gaban mutane? Abin da ka aiko mani da kanka?"

"Yi haƙuri, Kamalu."

"Riƙe tsummanka, ba mu so."

Dattijon da ke kan kujera ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ai haka suke, sai sun ga ka saki jiki." Maganar ta shiga Lado har ƙashi. Mutumin da ba a taɓa kayar da shi da baki a tasha ba ya haɗiye ta, ya fita da sunkuyayyen kai. Kunya kamar ƙasa ta tsage, amma biyu sun shiga buhu.

Da sun samu hanya yadda suke so da sun isa Birnin Tsaba kafin a fito fili. Ina! Wani rafi ya kawo, suka tarar da babura da jakuna a tsaye ana jiran ruwa ya ja. Rilwanu ya yi azahar a bakin rafin, ya yi la'asar a nan, Lado na zaune da buhu a cinya yana kallon ruwa kamar zai shanye shi da ido. Da aka fara ƙetarawa su ne a gaba, suka tura babur ruwa har cinya. Hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas.

Tun kafin su ga gari suka ji ihu. Lado ya dafa kafaɗar Rilwanu, Rilwanu ya rage wuta, suka kasa kunne. Ihu iri-iri ne, kuma Lado ya san bambancinsu. Wannan na wasa ne. Ya ce, "Yalla, mu je."

Gari kaf yana filin firamare, unguwa biyu ke karawa. Ƙwallon na tsakiya ana ta yi da shi, amma laka ta rufe shi ruf, ya koma kalar ƙasa, ko tuta ɗaya ba a gani. Wato tun ranar da ya iso a cikin taɓo yake. Rilwanu ya kau da kai, leɓensa na motsi yana istigfari duk lokacin da aka ji tim. Lado ya busa usur ɗinsa, ihu ya haɗiye shi, don su ma suna da nasu alƙalin. Rilwanu ya ce, "Bari a tashi, mu karɓa cikin lalama. Lakar nan ta ruhe muna asiri."

Bai rufe baki ba aka fara yayyafi. Ƙwallon ya gangara cikin wani kwatami a gefen fili, aka jefo shi, Lado ya ga ja ya fito, ya ga rawaya. Ana haka aka kayar da wani a gaban raga, alƙali ya ba da fenariti. Wanda zai buga Sirajo ne, ɗan limamin garin, ƙaton saurayi mai ƙafa kamar taɓarya. Ya ɗauki ƙwallon, ya tsoma a ruwa, ya goga a cikinsa ba tare da ya duba ba, ya dasa a ƙasa, ya ja da baya. Idon gari duka ya koma kan abu ɗaya. Daga inda Lado yake tsaye yana hango koren, da farin rubutun, sun juya wajen raga. Ko ya shiga ko gola ya kama, wani zai ɗauke shi a hannu ya duba.

Ya tura wa Rilwanu buhu ya zura da gudu. Mutum mai shekara hamsin da tumbi, cikin laka! Sirajo ya riga ya taso, kansa a ƙasa, bai gan shi ba. Lado ya yi abin da jikinsa ya sani tun yana saurayi, ya faɗa da ƙirji a kan ƙwallon ya naɗe. Ƙafar Sirajo ta same shi a haƙarƙari. Ya ji wani abu ya ce ƙas a cikinsa, numfashi ya ɗauke, amma bai saki ba.

Fili ya rikice. "Wane ne wanga?" "Kocin Ƙaura ne!" "Ya haukace?" Aka yi kansa, wannan na jan ƙafa, wannan na jan riga. Ya ƙara dunƙulewa. Rilwanu ya tsaya a kansa da buhu a kafaɗa yana cewa a bari, aka ture shi gefe. Wani ya ce ai ƙwallonsa ya zo ƙwacewa, zancen ya zagaye fili nan take. Sai ga Yari, shugaban 'yan agajin garin, da kakinsa da sandarsa, mutum mai zafi da bai taɓa yarda da geron coci ba. Ya sa sanda ya zunguri hannun Lado.

"Mi kake ɓoyo? Buɗe hannunka."

Lado ya kifa fuska cikin laka. A ransa ya ce yau kam ta ƙare, ya tuna 'ya'yansa a bayan ƙofa a kulle, ya fara addu'ar da uwarsa ta koya masa, ya kasa kai ta ƙarshe.

"Ku ba shi iska."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma hannuwa suka sake shi. Malam Usmanu ne, limamin gari, tsoho siriri da lema a hannu. Shi ne wanda Lado ke biyawa ya gaisar duk zuwa, su taɓa hira a kan damina, iyakarsu ke nan.

"Lado, tashi."

"Allah gafarta Malam, ba ni iya tashi a nan."

"To yaya?"

"Sai dai Malam ya duƙo."

Wasu suka yi salati don jin rashin kunyar. Malam ya miƙa wa Sirajo lema, ya tattare riga, ya duƙa har gwiwarsa ta taɓa laka. Lado ya ɗan ɗaga hannu, daidai yadda ido biyu za su gani. Malam ya gani. Lado ya ji numfashin Malam ya sauya. Ba abin da ya rage masa a duniya sai abin da zai fito daga bakin tsohon nan. Malam ya daɗe a duƙe, ruwa na sauka a bayansa. Daga nan ya yafa hannun babbar rigarsa a kan ƙwallon, ya jawo shi ciki, ya miƙe da shi a ƙarƙashin riga.

"Wasa ya tashi," in ji shi. "Baƙo ya zo karɓar kayanshi. Kowa ya tahi gida, ga ruwa nan."

"Malam, a nuna muna mana," in ji Yari.

"Yari, ka san hanyar zaurena. In na kira ka sai ka zo."

A zauren su uku ne, an sakaya ƙofa. Lado na jingine da bango yana jan numfashi da ƙyar, Rilwanu ya yi bayani tun daga famfon safe, ya buɗe buhu ya nuna sauran biyun. Malam bai katse shi ba. Da ya gama sai ya juya ga Lado, kuma fushi ne a fuskarsa, ba wasa ba.

"Ku da ba ku iya karanta abu ba, mi ya kai ku rabawa? Ɗana na cikina ya kwashe mako yana shurin wanga. Ɗana!"

"Na yi kuskure, Malam."

"Ka yi. Yanzu gaya mani, don girman sunan ka kwanta, ko don tsoro?"

Lado ya san amsar da za ta yi daɗin ji, tana kan harshensa. Ya ce, "Don tsoro, Malam. Ina da ɗiya a Sabon Gari."

Malam ya dube shi, ya dube shi. Ya ce, "Da ka ce don girma, da ban yarda da kai ba."

Ya ɗauko aska ya yanke koren gidan daga kowane ƙwallo. Ya wanke su da ruwan buta cikin ƙwarya, ya naɗe a farin ƙyalle, ya ɗora a saman littattafansa. Sannan ya ce maganar nan ta mutu a zauren nan. Ba fasto, ba mai gari, ba kowa. In ta fita ba zai iya riƙe samari ba, kuma shi kansa za a tambaye shi dalilin da ya sa ya rufe.

"Geron ku kawo, mutane na jin yunwa, ku ba mai gari ya raba. Amma kai kada in ƙara ganin ka a hilin ga."

"Malam, mutane za su ce na ba da abu na dawo na ƙwace."

"Za su ce. Ka bari su ce."

Suka ce kuwa. Kafin mai ɗori ya kwance masa ƙirji, labarin Shinkafi da na Birnin Tsaba sun haɗu a Kasuwar Daji sun haifi na uku: wai Lado ya samu mai sayen ƙwallayen ne a Gusau, shi ya sa ya bi ya tattaro su. Kwamitin coci ya zauna. Fasto ya tambaye shi ina kayan, ya ce sun lalace. Aka ce to ya kawo lalatattun a gani, ya ce babu. Wani dattijon coci da suka yi wasan ƙasa tare ya ce abin kunya ne a irin wannan lokaci mutum ya zubar musu da mutunci a gaban Musulmi. Aka karɓe usur aka ba wani malamin makaranta, mutumin kirki, amma bai san ƙofar liman ko ɗaya ba. Ba a yi damina biyu ba aikin ya mutu.

Rifkatu ce abin ya fi ci. Ranar Lahadi mata na matsawa in ta zauna, ta dawo gida tana kuka tana cewa wallahi sai ta tashi a gaban kowa ta faɗa. Lado ya ce, "Ki hwaɗa, in ya so mu ga wa zai rage ya ba ni haƙuri." Ta yi ta masifa har ta gaji, amma ba ta faɗa ba. Rilwanu kuwa bai fasa kawo tayarsa ba, ko lafiyarta lau, ya ɗan zauna tare da shi ya tashi. Sabon Gari ko kara ɗaya bai ƙone ba. Wasu daga cikin waɗanda suka gudu suka dawo da katifunsu, 'ya'yan Lado suka gama makaranta aka yi musu aure. Shi dai surutun nan ya ragu, in ana kallon ƙwallo a shagon da ke kusa ba ya leƙawa.

Shekaru suka ja, har waya ta shigo hannun kowa. Wata rana da hantsi wani magidanci ya turo babur gindin dogon yaro, da buhun albasa a baya. Lado ya kwance taya, ya tsoma tub a ruwa yana neman huji. Mutumin na ta kallonsa.

"Baba, ba kai ne kocin nan ba?"

"Ni ne."

"Sirajo ne, na Birnin Tsaba. Ni na shure ka."

"Allah sarki. Ka yi jiki. Yaya Malam?"

"Malam ya rasu bara."

Lado ya tsaya da aiki ya yi masa ta'aziyya, ya ji rasuwar har cikin ransa. Sirajo ya tsuguna kusa da shi, ya rage murya.

"Baba, don Allah in tambaye ka. Har Malam ya koma ga Allah bai gaya muna ba, in na tambaya sai ya yi mani tsawa. Mi ya sa ka yi haka? Mutum kamarka, cikin laka, a kan ƙwallo?"

Lado ya dube shi. Ga saje ya fara furfura, ga tabon salla a goshi. Malam ya tafi, gari ya lafa, in ya faɗa yanzu wataƙila ba abin da zai faru, kuma mutum ɗaya a duniya zai koma garinsu ya wanke shi. Ya so hakan, wallahi ya so. Amma bawan Allahn nan zai hau babur ya tafi da sanin abin da ƙafarsa ta kwashe mako tana shura, ya kwana da shi ya tashi da shi har kabari.

"Rowa ce, ɗana," in ji shi. "Na ga sabo ne, ya yi maku kyau da yawa."

Sirajo ya yi dariya, ya girgiza kai. "Ai haka muka ce tun ran nan. To Allah ya shirye ka, Baba."

"Amin."

Ya gama facin, ya hura taya, ya taya shi ɗaure albasa. Da babur ya tashi sai ya koma kan bencinsa a hankali, ya dafa gefen ƙirjinsa har numfashi ya daidaita, sannan ya jawo tayar da ke jira.